Falwayoyin Tungar Haliru Sun Yi Ƙafa

Falwayoyinmu sun ɓata ranar Laraba, amma gari bai farga ba sai da safiyar Alhamis, da masu zuwa rijiya suka bi ta bakin kasuwa suka ga fili fetal. Gumaguman giginya ne na jan wayar tarho, maza zalla, kowanne sai ƙarti sun taru kafin ya motsa. Mu muka saro su da hannunmu daga bayan Danchadi, muka jibge su a gindin tsamiya. Yanzu ga tsamiya, ga shacin inda suka kwanta, su kuma babu.

Kafin in iso, rabin Tungar Haliru ta riga ni, kowa yana tattaka wurin kamar an ce masa ɓarawon yana ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

"Ku gusa!" na ce. "Ku gusa, jama'a, kuna taka mini aiki!"

Suka gusa, don sun san ni. Ni ne Arzika, wanda ake kira Bi-Sawu. Ban taɓa shiga aji ba, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce shi ban gaishe shi ba. Amma ka nuna mini inda akuya ta taka shekaranjiya, in gaya maka ko tana da ciki. Daga Bodinga har Shagari, in raƙumi ya ɓata ko an kore wa Bafillace shanu, ƙofata ake bugawa. Agana ta kama ni ina yaro, ta gaji ta sake ni. Kububuwa ta sare ni a fadamar Lambara, ni na tashi, ita aka jefar. Duk waɗanda suka taru a gindin tsamiyar nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, ni kuwa ga ni nan, har yau ina tauna aya.

Shekarar zaɓe ce, ƙarshen mulkin farar hula na biyu, lokacin da gwamnati ta ce ta tsuke bakin aljihu, mu kuma muka tsuke ciki. Sabulu ya zama abin ɓoyewa a ƙarƙashin gado, shinkafa sai a gidan biki. A cikin wannan hali muka ƙudura sai mun samu tarho. Ba don gayu ba. Mu ke noman albasa, amma kuɗinta a Kudu sai abin da mai mota ya dawo ya gaya mana, kuma duk dawowar da zai yi kasuwa ta faɗi. Ga wayar tana wucewa ta bakin kwalta daga Bodinga zuwa Shagari, muna kallon tsuntsaye suna hutawa a kanta. Ma'aikatan waya suka ce su ba su da itace, amma in mun kawo falwaya mun haƙa ramuka, za su ja mana reshe har cikin gari, su sa mana kan tarho guda a Unguwar Gabas, jikin katangar Mode magini.

Tun da maganar nan ta fito, gidajen Unguwar Gabas suka haukace. Unguwar da a da ko kyauta aka ba ka ɗaki sai ka yi shawara, don kwari ce, ruwa na kwanciya. Sai ga 'yan kasuwa daga Bodinga, har daga Sakkwato, suna zuwa da manyan riguna suna leƙa zauruka. Kangon da jaki ke kwana a ciki aka fara kiransa shago. Gidan Mode kuwa, da yake a jikinsa tarho zai zauna, kullum sai an taya shi, kullum sai ya ce gidan ubansa ne.

Ranar Larabar an yi ruwa da asuba. Gari na wayewa aka turo motoci aka kwashe mu zuwa taron siyasa a Bodinga, don an ce za a raba shinkafa da sabulu. Gari ya zama sai tsofaffi da kaji. Muka dawo da almuru, kowa da kwalin ashana, kowa ya shige gida yana tsaki. Ba wanda ya waiwayi tsamiya.

* * *

Wanda ya fi kowa kururuwa a wurin shi ne Attahiru dillali. Shi ke sayar da gida da fili a garin, shi kuma muka naɗa shugaban kwamitin waya don ya fi kowa baki. Ya durƙusa gaban Magaji, mai garinmu, yana share ido da bakin riga.

"Ranka shi daɗe, wahalarmu ta tafi banza! Ni tun randa anka jibge itacen ga ban sake tako wurin ga ba, na ɗauka amana na gadinsu. Ni ban ce kowa ba, Allah shi kiyaye bakina. Amma a garin ga, wa ka cin abinci da giginya?"

Kawuna suka juya gaba ɗaya zuwa ga Mode, don da giginya ake fasa azarar rufin ɗaki. Wani daga baya ya ce ai jiya ya hango sabuwar azara a jingine a zaurensa. Mode mutum ne da in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Ya buɗe baki ya ce, "Wallahi azarar nan..." sai hayaniya ta haɗiye sauran.

Magaji ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Bi-Sawu, ma'aikata na zakuwa ƙarshen wata. In sunka ishe babu itace, wani gari za su kai reshen ga. Kai kuma Mode, in an sauko masallaci gobe ba a ga itace ba, sai ka yi bayani gaban alƙali a Bodinga."

"Allah shi ba ka nasara," na ce, "a bar mini ƙasa, a kwashe mini mutane."

Da wurin ya yi sarari na duƙa. Sawun amalanken shanu ne, ya yi ta kai da kawowa, ya nufi kwalta. A kan kwalta sawu ya mutu. Inda ya sauka kuwa, ko ma ina ne, shanun gari sun dawo daga kiwo da yamma sun shafe shi. Masu kallo daga nesa suka yanke hukunci tun kafin in miƙe: an loda a babbar mota, yanzu haka ana fasa su a Sakkwato.

Na koma gindin tsamiya na bi ta jikin shingen ƙaya, inda falwaya mafi tsawo ta kwanta, inda kuma ba mai bi don ƙaya na kama riga. Nan na ga abin da ya tsayar da ni. Sawun takalmin taya ne, irin wanda rabin gari ke sawa tun da na fata ya gagara. Amma takun ba na mai tafiya ba ne. Mai shi yana buɗe ƙafa fiye da ƙima, kowane taku daidai da ɗan'uwansa, a miƙe kamar an ja zare. A farkon takun ya zare ƙafar dama daga takalmi ya ja layi a ƙasa da babban yatsa. A ƙarshe ma haka. Layin kuma biyu-biyu ya fito, alamar farcen yatsan a tsage yake. A kan ɗanyar laka aka yi shi, wato bayan ruwan Laraba.

Mai gudu ba ya taku haka, mai ɗauke da kaya ma ba ya yi. Na karyo ƙaya na rufe wurin, na bar abin a raina yana dahuwa.

* * *

Na iske Mode a zaurensa ya rafka tagumi. Daga cikin gida ana jin ƙarar tukwane, matarsa Zulai tana ɗaure kaya tana faɗa da kowace tukunya. Zulai irin matan nan ce da ake jin muryarsu kafin a ga gidansu. Da ta ji sallamata ta matso bayan labule.

"Malam Arzika, ka gaya mai! Shina son ya sai da gidan ubanai don kunyar abin da bai yi ba!"

"Da gaske na, Mode?"

Ya sunkuyar da kai. "Attahiru ya zaka ɗazu. Ya ce tunda waya ta fasa, Gabas ta koma kwari awa da, masu tayi duk sun janye. Ya ce shi don zumunci shina iya karɓa, in samu na mota in koma wurin dangin uwata Argungu kafin a ɗaure ni. Gobe in an sauko masallaci za ni sallama mai gaban Magaji."

"Zumunci!" in ji Zulai. "Kuɗin da ya taya ko tinkiya mai ɗa ba su saye. Tun safe shina bin unguwa gida-gida, shina jaje shina tayi."

Ban ɗauki wannan da zafi ba a lokacin. Dillali ko gidan makoki ya shiga, sai ya ƙiyasta faɗin tsakar gida kafin ya yi ta'aziyya.

Na jawo azara ɗaya daga cikin waɗanda ke jingine. A ido sabuwa fil, an kankare ta tana ƙyalli. Na sa wuƙa a cikin tsaga na ɓanɓaro, na kai hanci. Hayaƙin shekaru ne da ƙamshin daddawa.

"Wagga azara ta girmi Zulai," na ce.

"Ta ɗakin girkin marigayiya inna ta," in ji Mode. "Ruwan farko ya kayar da shi, na tsince su na kankare."

"To ka tafi ka gaya musu mana!" in ji Zulai.

"In na gaya musu," na ce, "za su ce na gari ya sayar, waɗanga ya bari don rufe ido. Sai na kawo itace. Ke, kwance kayanki. Kai kuma Mode, ko za a yanka ka, kada ka ce ka sallama sai ka gan ni tsaye gabanka."

* * *

Wanda raina ya fi karkata gare shi shi ne Alhaji Maniru mai motar albasa. Shi ne mai zuwa Kudu ya dawo ya ce kasuwa ta faɗi, kuma a gaban kowa ya sha faɗa cewa tarho kayan gulma ne. Ranar taron ma bai je ba, ya ce kansa ke ciwo. Na same shi a rumfarsa ta bakin kwalta yana ɓare gyaɗa.

"A'a, Bi-Sawu! Ka zaka kama ni?"

"Na zaka gaishe da mota, Alhaji."

"Bismilla, tana baya. Ka yi sallama, da mai jego a ciki."

Na zaga. Ga gingimari a ɗage bisa duwatsu, ƙafafun baya babu taya ko ɗaya. Ciyawa ta tsiro ta ƙarƙashinta har ta yi fure, a kujerar direba kuma kaza ce kwance kan ƙwai tana hararata.

"Taya ta gagara tun kafin azumi," in ji shi. "Har Kano na aika. Ka ji, Arzika, ni ba ni son tarhonku, ban taɓa ɓoyewa ba. Randa anka sa shi, duk mai kwando biyu na albasa zai zama alhaji a kaina. Amma in da ni na sata, wuta zan sa musu in gasa masara, kowa shi huta."

"Wata mota fa? Ba ta tsaya nan Laraba ba?"

"Ina nan kwance wuni guda. Kunnena ya san kukan kowace mota tsakanin Sakkwato da Jega. Babu babbar da ta tsaya. Amalanke dai na ji yana ƙara, na ɗauka taki aka kai gona."

Na ci gyaɗarsa na yi gaba. Mutumin ba shi da daɗin ciniki, amma kaza ba ta yi masa ƙarya.

Gaba kaɗan da shi akwai rumfar Shatu mai fura. Taubashiyata ce, ta girme ni nesa, yanar ido ta rufe mata gani sai dai ta gane mutum da murya.

"Wa nika ji awa Arzika, mai bin kashin awaki?"

"Ni na, tsohuwa. Har yanzu ba ki mutu ba?"

"Sai na ci gumbar sadakarka, ɗan nema. Zauna. In bashi kaka so, babu."

Allah Ya jiƙanta, ni na ci tata daga baya, kuma ta yi daɗi. Na tambaye ta masu amalanke.

"Baƙi na, ba 'yan garin ga ba, harshensu na wajen Yabo. Sun sha fura sun biya, ba irinka ba. Suna ta ƙorafi wai mai aikin ya ce a bi a hankali, kada ko ɗaya shi tsage. Sannan sunka kwashe mini toka."

"Toka?"

"Duk ta murhuna, har da ta maƙwabta, sai da sunka cika buhu. Na ce ko sabulu za ku dafa? Sunka yi dariya."

Na ajiye ludayi. Wanda zai kai itace kasuwa ba ruwansa da toka. Gara ba ta iya bayan giginya, amma in gungume ya kwanta a ƙasa da damina sai ta shiga ta cikinsa mai laushi, shi ya sa ake shimfiɗa masa toka. Ashe ɓarawon nan ba sayarwa zai yi ba, ajiya ya yi. Yana son falwayoyin nan lafiya lau, yana son su dawo, sai dai ba yanzu ba. Kuma tunda ba su hau mota ba, suna cikin garin nan suna jin duk zagin da ake yi wa Mode.

* * *

Da safiyar Juma'a na bar hanya na koma bin bayan katangu. Ba kowane gida ne zai ɗauki gungumen giginya a kwance ba, don haka dogayen kawai nake dubawa. Na gama Gabas ban ga komai ba sai kare da ya raka ni da haushi. Na tsallaka kwalta zuwa Yamma.

A ƙarshen gari akwai kangon wani mahauci da ya ƙaura Ikko ya bar wa Attahiru ya sayar masa. A gindin katangarsa ta baya, inda sarƙaƙiya ta hana shanu rabawa, sai ga abokina. Layi da babban yatsa, biyu-biyu. Taku a buɗe, a miƙe. Layi kuma a ƙarshe.

Sai a lokacin takun ya yi mini magana. Awo ne! Mutumin ya auna falwaya a gindin tsamiya, ya zo nan ya auna katanga ya ga ko za ta ɗauke ta.

A kusurwa akwai giɓi an toshe shi da sabon zana, ƙasan wurin fari-fari da toka. Na ɗaga gefe na leƙa. Ga su nan a jere bisa toka, an lulluɓe su da ciyawa kamar masu jin sanyi.

Na zauna kan dutse na yi dariya ni kaɗai har da hawaye. Amma ban ruga fada ba. Bara Mode ne ya yi yaɓen katangar nan, gari duk ya sani. In na ce ga itace, Attahiru zai riga ni cewa wa ya san giɓin in ba magini ba, sai in zama ni na ƙara wa Mode igiya. Dole ƙafar da ta yi aikin ta sake yinsa a gaban mutane.

Kafin a tafi masallaci na ɗauki tsintsiya na share ƙofar fada tas, na yayyafa ruwa da buta. Dogarin Magaji ya ce yau kuma ladan sharar nake nema? Na ce eh, tsufa ya fara zuwa.

* * *

Da aka sauko, gari ya taru a gindin bishiyar bedi ta ƙofar fada. Magaji na zaune bisa buzu. Mata sun yi cincirindo a bayan katanga, ana jin Zulai a cikinsu ba sai an tambaya ba. Attahiru ya riga ya kama hannun Mode irin kamun ciniki, yana girgiza shi.

"Ka sallama? Mode, ga shaidu, ga Magaji. Taimakonka nika yi. Ka sallama?"

Mode yana ta waige-waige, gumi har gemu. Na bari sai da leɓensa ya fara motsi, don ni ma ina son a san na iso, sannan na ratsa mutane na tsaya a gabansa.

"Dakata, Attahiru, ciniki ba ya gudu." Na durƙusa. "Allah shi ba ka nasara, itace sun kusa ganuwa."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Attahiru ya saki hannun Mode.

"Amma kafin in kawo su, ina son in san inda za a aje su, kada su sake yin ƙafa. Tsakanin bedin ga da katangar fada, wurin na ɗaukar babbar falwaya? Ni jahili na, ban iya awo ba. Ga masu sana'a nan."

Magaji ya dube ni, ya san ba na magana a banza. "Mode, auna."

Mode ya zaro igiya daga aljihu, don magini ba ya rabuwa da ita. Ya shimfiɗa, ya shiga bin ta da kamu, gwiwar hannu zuwa yatsa. Ya ɓata lissafi ya koma farko. Alhaji Maniru ya kanne ido ɗaya daga inda yake zaune.

"Ba ya ɗauka. Babbar nan motata da rabi ta. Wurin ga ko motata ba ta juyawa."

"Shina ɗauka, Alhaji," in ji Mode a hankali.

"Ba ya ɗauka!"

Nan take gari ya rabu biyu, masu cewa yana ɗauka da masu cewa ba ya ɗauka, har wasu suna rantsuwa. Mode ya sake ɓata lissafi. Attahiru yana tsaye yana kallon cinikinsa yana hucewa kamar tuwon da aka manta a rana. Ya duba sama, ya duba Mode, haƙuri ya ƙare masa.

"Kai, ku gusa! Kuna ɓata muna lokaci. Wanga aikina na!"

Ya tattare riga ya saɓa a kafaɗa. Ya tsaya a gindin bedi, ya zare ƙafar dama daga takalmi, ya ja layi da babban yatsa. Ya buɗe ƙafa ya taka, ya taka, a miƙe har katanga. Ya sake zare ƙafa ya ja layi.

"Shina ɗauka, har da ɗan saura. To, Mode, mu koma kan maganarmu."

"Madalla da gwani," na ce. "Kada kowa shi taka layin ga! Attahiru, ina kaka san tsawon babbar falwaya, kai da ba ka sake taka wurin ba tun randa anka jibge su?"

"Da ido mana. Dillali na ni."

"To, ranka shi daɗe, a dubi layin ga da kyau, biyu-biyu ya fito. A taso in nuna ɗan'uwanai."

Magaji ya miƙe, gari ya bi shi, mata a baya. A gindin tsamiya na janye ƙaya. Magaji ya duƙa da kansa ya daɗe yana kallo.

"An yi ruwa Laraba da asuba," na ce. "Wanga layi bayan ruwa anka ja shi, lokacin da muna Bodinga muna jiran shinkafa."

"Takalmin taya kowa na da shi!" in ji Attahiru.

"Gaskiya na. Amma ba kowa ka cire shi ya yi zane da yatsa ba. Ɗaga ƙafar taka a ga farcen."

Bai ɗaga ba, sai ma ya tura ta ƙarƙashin riga. Muka tsallaka kwalta. A bayan kangon na nuna layi na uku, sannan na fizge zana.

Salati ya tashi, guɗa ta biyo baya. Attahiru ya dubi falwayoyi, ya dubi Magaji, ya zube ƙasa.

"Ranka shi daɗe, ai ajiya na yi wa gari! Wurin can ba tsaro. Ku duba, har toka na sa musu."

"Allah shi ba ka mai yi maka irin wagga ajiya!" in ji Zulai daga bayan mata.

"Yaushe kaka niyyar fito da su?" in ji Magaji.

Alhaji Maniru ya riga shi amsawa. "Randa ya gama saye Unguwar Gabas da kuɗin tinkiya, ranka shi daɗe. Sai a wayi gari shi ya gano su, mu yi mai godiya. Ni da aka ce ɓarawon albasa, ashe almajiri na a gaban malam!"

Dariya ta ɓarke, har dogari sai da ya dafa katanga. A cikin dariyar nan Mode ya matso gaban Attahiru. Tun da na san shi ban taɓa jin muryarsa ta wuce zaure ba, amma ran nan har kazar Alhaji Maniru ta ji shi.

"Ban sallama ba! Ka ji ko? Gidan ubana na. Ban sallama ba!"

* * *

Magaji bai kai maganar Bodinga ba. Ya ce duk gidan da aka yi cinikinsa tun safiyar Alhamis ya koma hannun mai shi. Attahiru ya maido da itace inda ya ɗauke su, ramukan kuma daga kwalta har katangar Mode shi zai haƙa su da hannunsa. Ya haƙa, mu kuma muna zaune a inuwa muna ba shi shawara. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa: tazarar da ya bari tsakanin rami da rami, ma'aikatan waya da suka zo ƙarshen wata sun ce ko su ba za su fi haka ba.

Suka yaba, suka ce waya tana hanya. Tana hanya shekara ta ƙare, sojoji suka karɓi mulki, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Falwayoyi suka yi ta tsayuwa ana ɗaure musu awaki. 'Yan manyan riguna suka daina zuwa, Gabas ta koma kwarinta. Da aka gaji da jira, Magaji ya ce a tuge su a ba Mode. Ya fasa su azara, ya rufe masallacin unguwa, saura ya rufe zaurensa. A ƙarƙashinsu ya tsufa, a gidan ubansa, Zulai tana yi masa faɗa har ranar ƙarshe.

Yanzu kuma samarin garin sun kafa nasu kwamitin. Wai intanet ɗinsu ba ya sauri, sai sun hau tudun makabarta kafin su ga kuɗin albasa a waya. Sun yi ta zarya har an yarda za a kafa musu ƙarfen sabis. A ina? A Unguwar Gabas, bayan gidan Mode, inda ɗansa Isa yake zaune da iyalinsa. Filaye sun sake haukacewa, kangon jaki ya sake zama shago.

Rannan ina zaune a zauren Isa ina shan inuwar azarar nan, sai ga wani matashi da shadda mai maiƙo, waya a hannu, ya bi jikin katanga yana waige. Ya tsaya a kusurwa. Ya zare ƙafar dama daga takalmi mai tsada, ya ja layi da babban yatsa, ya buɗe ƙafa.

"Kai, samari! Ɗan wa?"

"Ina wuni, Baba. Jikan Alhaji Attahiru na."

"Na gani a ƙafarka," na ce. Na juya na buga ƙofar cikin gida da sandata. "Isa! Fito ka yi baƙo. Ka ba shi ruwa, ka ba shi tabarma, amma kada ka ba shi hannu!"